Eriyar Sarkin Iska

"Wanga shi ne gindi," in ji Malam Yari, yana nuna wa 'yan tasha eriyar rediyonsa da ɗan yatsa. "Nan magana ka shiga. Wanga wuya, shi ka tace ƙarya. Tuntun ga na dama na ɗauko Sakkwato, na hagu na ɗauko Ƙonni. Mi ya rage?"

Babu abin da ya rage. Allah ya yi wa Illela baiwa da ya ba ta Yari. A shekarar da aka rufe iyaka, kowa yana tsallakawa da addu'a, shi kuwa da ilimi. Ya samo 'yar rediyon hannu mai kamo maganar oba-oba ta masu sintiri, sai ya zama kunnen gari. 'Yan tasha suka naɗa shi Sarkin Iska, ya karɓi sarautar bai tambayi dalilin dariyarsu ba.

Mukhtari yana gefe yana sauraro. Ruwa bai yi ba a ƙetare, gero ya yi daraja a Ƙonni, shi kuma ya ɗora jarinsa kaf a kan jakuna biyu. In an kama kayan, sai dai ya koma ƙwadago a ƙauyen Amarawa. Shi ya sa ya nemi rakiyar gwani.

"Ranka shi daɗe," ya ce a hankali, "ni kamar na san eriyar ga baƙa ce, guntuwa."

"Waccan wutsiyar ɓera?" Yari ya yi tsaki. "Masu ƙera ta ba su san girma ba. Ciro ta na yi, na ce wa baduku shi yi min wadda ta dace da mutum irina."

Gaskiyarsa. A ƙasar nan duk abin da ake ji da shi sai an yi masa rigar fata, ko takobi, ko laya, ko madubi. Sabuwar eriya ta fi kamu ɗaya, ja wur, ga zayyana, ga tuntaye suna lilo.

"Da tsohuwar kullum surutu," ya ci gaba. "Tun da anka sa wagga, tsit. Ka san mi shiru ka nufi, yaro? Hanya lahiya lau."

Da rana tsaka suka bi ta cikin gonaki, Sarki a gaba, Mukhtari da jakuna a baya. Jim kaɗan sai Yari ya tsaya, ya ɗaga eriya sama, ya rufe ido ɗaya, ya kara rediyo a kunne. Ita kuwa sai shuuu take yi.

"Babu kowa. Sun tai cin tuwo can garin Araba."

Hankalin Mukhtari ya kwanta, har ya fara waƙa ƙasa-ƙasa.

Suna zagaye wani tudu sai ga motar sintiri a gindin tsamiya, wani ƙato yana kwarara ihu cikin oba-oba. Maganar da eriya ta kasa kamowa, kunnen Mukhtari ya kamo ta kyauta.

Aka sauke gero. Mukhtari ya yi magiya har muryarsa ta dushe, aka ce ya gode Allah da aka bar masa jakuna. Yari kuwa ya ɓoye rediyo a bayansa, yana rantsuwa shan iska ya fito, bai ma san yaron nan ba.

Nan ne jaki ɗaya, da ya ji bayansa sakayau, ya miƙa wuya ya cafki tuntun Ƙonni. Ya fizga, fata ta yage. Ya sake kai baki, sai ƙurus-ƙurus. Kowa ya waiga. Karan dawa ne busasshe a cikin jar riga.

Yari ya dubi guntun da ya rage a hannunsa, ya gyara murya.

"Wanga shi ne ɓargo. Shi ka..."

Mukhtari bai tsaya jin aikin ɓargo ba. Ya ja akalar jakunansa ya nufi Amarawa neman mai gona. A duk Illela jakin nan ne kaɗai ya san abin da ke cikin eriyar Sarkin Iska, kuma shi kaɗai ya ci moriyarta.