Talatar Kaka Haula

"Lahiya lau, amarya. Ina gajiya? Yau dai ban kwana ni zo."

"Ban kwanan mi, maigida? Ba na ce maka sai Laraba ba? Yau Talata."

Ashiru ya dafe kai. Kawunsa ya samo masa aiki a Abijan, mota gobe za ta tashi daga Tawa, in bai hau ba a ba wani. A gidansu kuwa ba a fita bida, wato neman kuɗi a wata ƙasa, sai kaka ta miƙa guzuri da hannunta ta sa albarka. Kullum safiya yakan zo, kullum Kaka Haula ta ce Talata ce. Tabarmar ita ce, ƙwaryar furar ita ce, har akuyar da ke tauna igiya a gindin itacen bedi ba ta sake wuri ba.

Shi ya jawo wa kansa. Shi ya nuna mata wani tsohon fim na ban dariya a salularsa, na wani Bature mai baƙin hali da ke farkawa kullum cikin rana guda. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, daga nan ta daina ƙirga kwana.

"Tsohuwa, fim ɗin nan ya lalata ki."

"Wane fim? Kayana ne anka sace."

"Masana sun ce daga wani tsohon littahi anka ɗauko shi, har yanzu suna gardama."

"Su zo su tambaye ni! Ni da uwata munka san labarin ga tun ana daka a garinmu Takanamat."

"Ke da ko haƙorin riƙe labari ba ki da shi?"

"Kai da gemunka ko tsintsiya ba ya kai ba? Tsaya nan bakin ƙohwa, awa kullum, ƙahwa guda waje."

Ashiru ya dubi ƙafarsa. Gaskiya ne, ko takalmi bai taɓa cirewa ba. Kunya ta kama shi, ya cire, ya zauna.

"To, ba ni labarin da anka sace."

Ta lumshe ido, muryarta ta yi ƙasa. "Wani makiyayi ne mai gaugawa. Kullum ya iske wata tsohuwa bakin rijiya, ya gaishe ta a tsaye ya wuce. In ya kwana ya tashi, ga rijiyar, ga tsohuwar, ga gajimare guda bai gusa ba. Tumakinshi ba su girma, ciwon ƙahwarshi bai warke ba."

"Mayya ce ke nan."

"Kyakkyawa ce, awa ni."

"To ƙaƙa ya hita?"

"Ran da ya zamna ya sha hurarta har gindin ƙwarya."

Ashiru ya ɗauki ƙwaryar. Ya sha a hankali, tana ba shi labarin rijiyoyin da suka ƙafe da mutanen da suka tafi kudu ba a sake ganinsu ba sai a hoto. Har inuwar bedi ta juya bai duba salula ba.

Da ya kife ƙwaryar sai ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin tabarma, guzurin ne, cuku da kilishi.

"Amarya! Dama shina nan?"

"Tun Talatar hwarko nike zamne bisanshi." Ta yi dariya, ta share ido da gefen zane. "Amshi, ragon miji. Allah shi kai ka lahiya. Gobe Laraba."