Hedifon Mai Rufaffen Baya da Ranar da Na Kori Surukina

Na fi wata biyu ina juya maganar nan a raina kafin na yarda in rubuta. Sau uku ina farawa ina yagewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron wani ɗan Manchok ya karanta ya gane ni. Amma akwai abin da nake son sani, kuma sai na faɗi abin kunyar kafin in yi tambayar.

Ranar Juma'ar nan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ni tela ne a Kafanchan, shagona yana jikin ɗakina. Ina son waƙa ƙwarai, musamman waƙoƙin zumuntar mata masu ganga da tulu. Damuwata ita ce maƙwabcina Malam Sani, wanda bango ɗaya ya raba mu. Duk sanda na kunna rediyo sai in fara tunani: ko yana salla? Ko ya ji haushi ya yi shiru ne don kunya? (Bai taɓa cewa komai ba. Wannan shirun ne ma ya fi damuna.) Haka zan yi ta rage murya har ni kaina in daina ji.

Da matata Rahila ta haihu ta tafi wanka gidan iyayenta a Manchok, kaɗaici ya ishe ni, sai na ce bari in sayi hedifon, irin babban nan mai rufe kunne duka.

Mai shagon ya fito mini da kala biyu. Ɗaya bayansa huda-huda kamar rariya, ɗaya kuma a toshe sumul. Na tambaye shi amfanin hudar.

Ya ce, "Oga tela, mai huda yana shan iska, waƙa na fita fes kamar kana cikin coci. Amma na kusa da kai zai ji. Mai rufaffen baya kuwa, kai da waƙarka ne kawai."

Ban yarda haka kawai ba. Na sa shi ya ɗora a kansa ya ƙure murya, ni kuma na kai kunnena kusa da nasa. Na zaga dama, na zaga hagu. Na tambaye shi ina sautin yake zuwa idan ya rasa hanyar fita, ko taruwa yake yi a cikin kai?

Ya ce, "Haba Oga, za ka saya ne ko jarrabawa ka zo yi mini?"

Na sayi mai rufaffen bayan. A gida ma sai da na ɗaura shi a jikin matashin kai, na kunna, na fita na tsaya a ƙofar Malam Sani ina saurare. Shiru. Na ji daɗi sosai. Duk binciken nan da na yi, kan abin da ke fita ne. Ko sau ɗaya ban tambayi abin da ba ya shiga ba.

To, an aiko mini cewa ranar Asabar Baba, mahaifin Rahila, zai maido ta da jaririya da kansa. Wannan babbar girmamawa ce, don tun farko Baba bai cika sona ba, yana cewa na fiye noƙe-noƙe. Na share gida, na tanadi kaza, na yi ta maimaita yadda zan durƙusa in karɓi jakarsa in kawo ruwa. Ranar Juma'a da rana na zauna ɗinka wa jaririya 'yar riga, na ba ƙofa baya, hedifon a kai, ganga na dukan ƙwaƙwalwata.

Ashe sun sami motar wani ɗan'uwa mai zuwa gari, suka taho ranar.

Abin da ya faru a bayana, daga bakin Rahila na ji shi. Baba ya yi sallama sau uku. Ya ce, "Gafara dai, masu gida!" Ya tafa hannu. Suna tsaye a rana, shi da buhun acca a kafaɗa, ita da goyo. Ni kuwa ina taka keke ina rera waƙa. (A zatona a zuci nake yi. Rahila ta ce har masu shago na tsallaken titi suna leƙowa.)

Can na ga inuwar mutum a bango. Ina daidai wuyan riga, wurin da ba a ɗaga ido. Na ɗauka mai kawo ɗinki ne, sai na ɗaga hannu ba tare da na juya ba, na ce, cikin abin da na ɗauka ladabi ne da sanyin murya, "A yi haƙuri, yau ba na karɓar kowa, a dawo jibi."

Ashe ihu na kurma. Har jaririya ta farka.

Baba ya sauke buhun a bakin ƙofa ya ce, "Rahila, kin ji ai. Ya ce jibi. Mu koma."

Da gaske ya juya. Malam Sani ne ya fito da gudu ya sha gabansa yana cewa, "Baba, don Allah a tsaya! Wallahi ba ya ji ne, wani abu ya toshe kunnensa da shi." Sannan ya shigo ya cire mini abin daga kai.

Na juya na ga bayan surukina da fuskar matata. Na zube ƙasa daga kan kujera, waya ta biyo ni, almakashi ya faɗi. Duk gaisuwar da na haddace ta gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ai gobe ne."

Rahila ta ce, "Baban Bebi, rufe bakinka haka nan."

Baba ya juyo ya dube ni. Sai ya miƙa hannu ya ce, "Kawo abin in gani." Na ɗora masa a kai. Nan da nan kansa ya fara kaɗawa. Rahila ta ce, "Baba, mu shiga ciki." Bai motsa ba. Ta sake faɗa. Sai ya daka tsawa, yana murmushi, "WANNAN MATAN SUN IYA WAƘA!"

Da ya cire, ya ga yadda muke kallonsa, ya gyara murya ya ce, "To. A kawo ruwa."

Haka matata da 'yata suka kwana a gida. Na koyi cewa garin gudun damun maƙwabci da rediyo, na koma damun unguwa duka da muryata. Malam Sani ya ce rediyon ta fi masa sauƙi, don ita aƙalla ta san waƙar.

Yanzu ƙofa nake fuskanta in zan sa shi, kuma kunne ɗaya a buɗe, wanda ya kashe rabin daɗin. Don haka ina roƙon masu karatu da suka san kan abin nan: me ke sa mutum ɗaga murya idan kunnensa a rufe yake? Kuma akwai irin da zai hana waƙa fita amma ya bar sallama ta shigo? A taimaka a sanar da ni da wuri, don Baba ya aiko a saya masa nasa, kuma Mama, mahaifiyar Rahila, ta ce idan ya daina amsa kiranta, ni za ta nema.