Shekarau da Jinyar Tsintau

A ƙarshen layinmu, inda hanya ta karkata zuwa fadama, nan gidan Shekarau yake. Shi da matarsa Tabawa ne, sai rumbu ɗaya da kaji kamar bakwai. Shekarau mutum ne mai zuciya fara fat, illarsa ɗaya: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ni Barmo taubashinsa ne, ɗan kawunsa, kuma duk garin nan an san ni da abu biyu, kaifin kai da iya kafa hula. Amma ku ji yadda karen tsintuwa ya nemi zubar mini da mutunci.

Wata rana Shekarau na dawowa daga gona ya ji nishi a cikin wani rami. Ya leƙa, sai ga kare, ƙashi da fata, an ɗaure masa wuya da waya an yar. Ya shiga ya kwance shi, ya rungumo shi har gida, ya sa masa suna Tsintau. Yana sauke shi karen ya shige ƙarƙashin rumbu yana rawar jiki. Ba ya fitowa sai zawo ya matsa masa, ya yi, ya koma da gudu. Aka kira Malam Sidi likitan dabbobi. Ya duƙa ya duba, ya ce, "Zawon nan na zuƙe masa ruwan jiki. A ba shi ruwan gishiri da sukari; in bai sha ba nan da kwana uku, sai dai haƙuri. Kuma tsoron mutane yake. Kada ka tsaya a kansa, ka sauko daidai tsayinsa, kada ka dube shi cikin ido."

Shekarau ya sauko. Tun daga lokacin da rarrafe yake yawo a gidan, kai a sunkuye. Mai unguwa ya biyo ya yi sallama, Shekarau ya fito zaure da rarrafe, ya gaishe shi yana kallon ƙasa. Mai unguwa ya tafi yana ba da labarin bai taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. Ni da na shekara ashirin ina durƙusa wa mutumin nan har gwiwar wandona ta koɗe, ko sau ɗaya bai yabe ni ba.

Wata rana, wato kashegari, Malam Sidi ya ce a ba karen farar shinkafa da dafaffen naman kaza, ba mai ba yaji. Tabawa ta yi ta mita, amma aka yanka kaza. Ni kuwa ƙamshi ya kawo ni. Na ja Shekarau gefe na ce, "Taubashi, kare mara lafiya ba zai iya da kaza guda ba. Duk abin da bai ci ba ka kawo mini." Nufina cinya da ƙirji, daga tukunya. Da yamma ina zaune a majalisa cikin babbar rigata mai aska takwas, ina yi wa jama'a bayanin siyasar duniya, sai ga Shekarau da wani fasasshen kasko, ƙudaje na binsa. Ya ajiye a gabana.

"Ga shi, taubashi. Ya sansana sau biyu, ya lasa sau ɗaya, bai ci ba. Ka ce in kawo maka."

Har yau akwai masu tambayata ko na ƙoshi.

Wata rana kuma, da yake Malam Sidi ya ce duk canjin da aka gani a kashin karen a sanar da shi nan take, Shekarau ya ga canji. Ya nemi likita a shago bai same shi ba, aka ce yana gidan surukansa wajen suna. Ya bi shi can. Ya tarar an baje tabarmi, an zuba tuwon shinkafa da miyar taushe, dattawa sun sa hannu ke nan.

"Malam, ya canza," in ji Shekarau. "Jiya ruwa ne tsululu, yau ya ɗan yi kauri, launinsa kamar..." Ya waiga yana neman abin kwatance, idonsa ya sauka kan miyar.

Malam Sidi ya yi wuf ya ja shi waje. An ce surukin nasa bai ƙara kai loma ba. Amma a bakin ƙofa likitan ya tambaya, "Ya sha ruwan gishiri da sukarin?" Shekarau ya girgiza kai. Malam Sidi ya ce, "To yau ce rana ta ukun."

Na sami Shekarau a gida ya tsuguna gaban rumbu, yana tura kwanon ruwa ciki, karen na ƙara ja da baya. Ya miƙa hannu, karen ya lafe. Tabawa ta gwada da lallashi, maƙwabta suka zo kowa da dabararsa, wannan ya yi fito, wancan ya tafa hannu. Idon Tsintau ya faɗa, harshe a bushe. Shekarau ya ɗago, fuska duk hawaye.

"Taubashi, kai ke da kai. Me zan yi?"

Ni kuwa haushin kasko bai sake ni ba. Na ce, "Tun da kai ka haife shi, sai ka shimfiɗa tabarma ka kwanta ku yi jinyar tare. Ka juya masa baya, ka sha abin da yake sha, kada ka kula kowa." Na gyara hula na fice, jama'a suka biyo ni suna dariya.

Ashe ranar ce gayyar yankan dawarsa. Mutum goma sha biyu suna gona suna jiran mai gona, mai gona yana kwance gefen rumbu da lafiyarsa lau, ya juya baya, yana kurɓar ruwan gishiri da sukari yana yamutsa fuska. Tabawa ta yi magana har ta gaji, bai tanka ba, don an ce kada ya kula kowa. Ta ɗauki abincin 'yan gayya ta tafi gona da kanta. Gida ya yi tsit.

Bayan la'asar zuciyata ta ƙi kwanciya. Na haɗu da Malam Sidi a hanya muka shiga tare. Muka tsaya cak. Kwanon ruwan da ke gefen tabarma ya ƙare ƙaf, kaskon shinkafa ya ragu. Tsintau ya fito daga ƙarƙashin rumbu, ya ɗora jiƙaƙƙiyar haɓarsa a kan ƙafar Shekarau, yana barci.

Malam Sidi ya yi ƙasa da murya. "Abin da yake nema ke nan tun farko, a daina miƙa masa hannu, a daina taruwa a kansa. Wa ya ba da shawarar nan?"

Na yi gyaran murya na ce ai irin wannan sai mu. Bai ko dube ni ba.

Shekarau ya buɗe ido ɗaya, bai motsa ba. Ya ce a hankali, "Taubashi, ƙafata ta mutu tun azahar. Ka ce in kwanta, ba ka ce yaushe zan tashi ba."

Na buɗe baki zan ce ya tashi. Sai na dubi haƙarƙarin nan da ke hawa da sauka a natse. Na tattare babbar rigata, na zauna a ƙasa, cikin ƙura, na ce, "Sai ya farka."