Cindo da Karen Baba

Mu uku ne a gidanmu: ni Lantana, da Inna wadda idonta ya yi rauni, da ƙanena Cindo, mutumin da in ka ce masa tsaya nan, to sai ka dawo ka ɗauke shi. Sai kuma Duna, baƙin karen da Baba ya mutu ya bari. Tun rasuwar Baba karen nan ya lalace: haushi ba dare ba rana, tauna takalma, korar awakin maƙwabta. Mai unguwa ya ce mako biyu ya ba mu, in bai shiryu ba a raba mu da shi. Inna ta yi ta hawaye, don shi kaɗai ya rage mata na Baba. Na tura Cindo wurin Malam Shekarau, malamin dabbobi.

Wata rana Malam ya ce masa, "Zaman banza ke damun karen nan. Ka fita da shi yawo har ya gaji." Cindo ya fita da hantsi. Azahar shiru, la'asar shiru. Sai ga shi da yamma yana jan ƙafa, Duna a kafaɗarsa yana barci. "Yaya, sai a ƙauye na uku ya gaji." Kai, ranar na rasa bakin zagi.

Wata rana Malam ya ce, "Ka ba shi ƙashi ya tauna, ka kawar da duk wani takalmi daga gabansa." Ranar kuwa mata suka zo duba Inna, mai unguwa ma ya leƙo. Da suka fito, ba takalmi ko ƙafa ɗaya. Cindo ya kwashe ya rataye su can ƙololuwar darbejiya. Mai unguwa ya tafi gida ƙafa a ƙasa yana huci, ya ce ya rage mako biyun nan zuwa ɗaya.

Wata rana Malam ya ce, "Duk lokacin da ya zauna shiru, ka ba shi lada nan take." Na ɗora miya na je ɗebo ruwa. Kafin in dawo Duna ya zauna shiru sau goma sha ɗaya, tsokar nama kuma goma sha ɗaya ce a tukunyar. Da miya lami, ba nama, muka ci tuwo.

Wata rana Malam ya ce, "Kada ka doke shi in ya yi haushi. Ka tashi ka je ka ga abin da yake wa haushi." Cindo ya wuni yana duba ƙadangaru da leda. Har na ce wawancin nan ya kai ƙarshe.

Da wa'adi ya cika, mai unguwa ya zo da igiya a hannu. Yana cikin jawabi sai Duna ya ɓarke da haushi a bayan gida. Kunya ta kama ni, na daka wa karen tsawa, "Yi mana shiru, ɗan banza!" Cindo kuwa ya miƙe ya bar mai unguwa da magana a baki.

"Ina za ka, ana magana da manya?"

"Malam ya ce in je in gani."

Can sai muka ji ihunsa. Ashe Inna ce ta lallaɓa tsinkar zogale, ta zame cikin ramin da muka haƙi ƙasar gini, ruwan damina har ƙirjinta, muryarta ta dushe. Igiyar da aka kawo don wuyan Duna, ita aka zura aka ciro ta. Mai unguwa ya naɗe abarsa, bai sake tada zancen ba.

Ni da na ce a yi shiru, da an bi tawa da yau ba ni da uwa. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Shekarau, na kuma gode wa ƙanen nan nawa da na shekara talatin ina kira wawa. Na yanka zakara, na jefa wa Duna cinya guda. Ina juyowa na ga Cindo ya tanƙwashe ƙafa a gefensa, ya ƙura mini ido.

"Yaya, ni ma na zauna shiru."

Na miƙa masa tukunyar gaba ɗaya.