Takardar da Na Rubuta a Kan Gidan Rabi

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ƙanwata Rabi ta tashi sayen gida a Tawa ba, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Mijinta ya dawo daga Abijan da ɗan abin hannunsa, dillali ya nuna musu wani tsohon gida na wani ma'aikaci da aka mayar Yamai. Mu kuwa shekara tara muna haya, ni da maigidana da yara biyar a ɗaki biyu.

Da yake babanmu magini ne a Bambeye, kuma ni ce nake bin sa ina miƙa masa ruwa tun ina ƙarama, sai Rabi ta zo ta ce in raka su in duba musu gidan kafin su biya. Na ce to. Na ɗauki littafina da fensir na ajin yaƙi da jahilci (lokacin ban daɗe da iya rubutu ba, ko gishiri zan saya sai na riƙe fensir).

Muna shiga zaure na leƙa ciki. Ɗaki uku, daɓen siminti, ga bishiyar lemu a tsakar gida. Rabi, wadda na goya a bayana. Mutane suna cewa ina da haƙuri, to ran nan ban san inda ya shiga ba.

Babanmu ya koya mini yadda ake kimanta tsohon gida: a ƙwanƙwasa azara da sanda, in ta yi ƙarar holoƙo gari ya zubo, gara ta ci ta, a dubi gindin katanga, a dubi inda indararo yake zubar da ruwa. Na ƙwanƙwasa. Azara lafiya lau, kamar ƙarfe. Amma sai na girgiza kai, na rubuta cewa gara ta gama da ita, katanga ba za ta ga damina biyu ba. Tsaga ɗaya na gani, na rubuta huɗu. A ƙasa na sa sunana ɓaro-ɓaro, kamar yadda malamarmu ta koya mana. Mijin Rabi ya miƙa wa dillali takardar, ya ce ya fasa.

Bayan mako uku maigidana ya shigo yana murmushi, ya ce ya samo mana gida da araha, wai labari ya bazu cewa gara ta cinye shi, har mai shi ya rage kuɗin sosai, amma ya kai magini ya duba, ba abin da ya same shi. Ya ce in zo in gani. Tun daga kan kwana na gane lemun nan.

Dillali yana zaure, da dattawan unguwa biyu. Ya dube ni, ya sa hannu a aljihu, ya ciro takardar a ninke.

"Malam, ai ga mai aikin nan ka kawo mini. Ashe gida ɗaya kuke."

Ya gaya wa maigidana abin da na rubuta ranar da su Rabi suka zo duba gidan. Maigidana ya karɓa, ya daɗe yana kallo. Bai iya boko ba, amma ya san sunana, don na sha rubuta masa shi a ƙasa da tsinke.

"Ke kika kore su don mu saya?"

Da ma haka ne, da na ce wayo na yi. Na ce masa a hankali ban san ma zai nema ba, kawai ban so Rabi ta riga ni ba ne. Ɗaya daga cikin dattawan ya shiga gyaran hularsa.

A ranar maigidana ya tafi wurin mijin Rabi ya ce ya bar masa gidan, a kan sabon farashin. Suka saya. Har yau Rabi tana gaya wa mutane cewa Yayarta ce ta yi dabarar da aka rage musu kuɗi, kuma duk kakar lemu sai ta aiko mini da kwando. Ban sani ba ko ta gane ne ta rufa mini asiri, ban kuma tambaya ba.

Mun ƙara shekara shida a haya. Abin da na koya shi ne, in hassada ta taso mini, in shiga ɗaki in yi ta a zuci har ta wuce. Ba a yin ta a rubuce, balle a sa hannu.