Rufin Asirin Iya Tabawa

A wani daji da ruwan sama bai cika cika masa alkawari ba, dabbobi sun gina babbar makaranta ta koyon magani da sanin itatuwa. Makaranta ce mai kyau, sai dai kuɗin shigarta ba na kowa ba ne. Don haka majalisar dajin ta ware tallafi domin 'ya'yan marasa hali, ta naɗa kwamitin da zai raba. Gadu ne shugaba, saboda ya fi kowa iya zama a kujera. Dila kuwa magatakarda, saboda duk abin da aka faɗa sai ya rubuta, har da tari.

Can gefen dajin, inda ko hanya ba ta bi, akwai wata 'yar bushiya marainiya mai suna Kyallu, tana zaune da kakarta Iya Tabawa. Kyallu ba ta da ƙawa. Duk wanda ya matso wasa sai ƙayarta ta soke shi, kafin ta gama haɗa kalmar ban haƙuri ya yi nisa. Sai ta rungumi karatu, tun da shi ba ya jin ciwo. Da aka yi jarrabawar shiga makarantar, ita ta zo ta ɗaya. Gurbin tallafi ɗaya ya rage a shekarar, masu nema biyu: ita da ɗan Gafiya.

Gadu ya tara jama'a ya ce, "Ya ku 'yan uwa, wannan tallafi amana ne. Ba za mu ba kowa don ƙoƙarinsa kawai ba, sai mun tabbatar mabukaci ne. Za mu je gidan kowane mai nema da ƙafarmu, mu gani da idonmu, mu ji daga bakin babban gidan. Abin da ya faɗa shi za mu rubuta, ba ƙari ba ragi."

Aka tafa. Maganar ta yi daɗi, wannan kam ba a musu.

Gafiya yana da rumbuna a ƙarƙashin ƙasa da shi kansa bai san iyakarsu ba. Ranar ziyara sai ga shi a wata rusasshiyar bukka, ya shafa wa 'ya'yansa toka. Ko ruwa bai ba baƙin ba. Suna sallama ya fashe da kuka: "Ranka ya daɗe, mun mutu mun lalace! Rabonmu da ɗora tukunya tun kasuwar da ta wuce." Dila ya rubuta yana hawaye, har takarda ta ɓaci.

Iya Tabawa kuwa, da ta ji manyan baƙi na tafe, tun da asuba ta share ƙofar rami. Ta je wajen Kunkuru ta aro tabarma. Ta kakkaɓe sauran geron da suke lallaɓawa, ta dama fura.

Kyallu ta ce, "Iya, talauci fa za su zo dubawa. Ki bar gidan yadda yake."

"Ke, rufe mini baki. Baƙo ya taka ƙofata in shimfiɗa masa ƙasa? Kakanki zai tashi daga kabari ya tambaye ni."

Baƙi suka zo, suka zauna a tabarmar aro, suka shanye furar tas. Gadu ya goge baki ya ce, "Iya, yaya zaman gidan?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhamdulillahi, ranka ya daɗe. Muna cikin rufin asiri."

Kowa a dajin ya san ma'anar wannan magana a bakin tsohuwa irinta. Dila ma ya sani, da irin wannan magana uwarsa ta rene shi. Amma aikinsa rubutu ne, ba fassara ba.

Bayan kwana uku takarda ta fito: an ba ɗan Gafiya, domin bincike ya nuna gidan su Kyallu na cikin rufin asiri, bisa shaidar babbar gidan. Kyallu ta karanta a gindin tsamiyar majalisa, ta waiga ba ta ga wanda za ta gaya wa ba. Ta koma gida ta dunƙule, ta ƙi cin abinci. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma wadda ta jawo shi ita ce kaɗai mai ƙaunarta a duniya.

An ba da damar ɗaukaka ƙara, da sharaɗin babban gida ya zo gaban majalisa ya janye maganarsa a bainar jama'a. Iya Tabawa ta zauna kusa da jikarta ta ce, "Tashi, Kyallu. Ni na ɓata, ni zan gyara. Koya mini abin da zan ce."

Kwana biyu suna bita. "Ba mu da komai. Tabarmar ta aro ce. Furar ita ce abincinmu na ƙarshe." Tsohuwa tana faɗa kamar mai shan maɗaci, amma ta haddace.

Ranar zama fili ya cika maƙil. Iya Tabawa ta fito tsakiya da sandarta. Ta hango Kunkuru mai tabarma, ta hango matan da suka yi 'yanmatanci tare, duk sun zuba mata ido. Kyallu na can baya ita kaɗai, an bar mata fili saboda ƙaya, leɓɓanta na maimaita kalmomin.

Gadu, da yake shugaba ne mai tarbiyya, bai ga ya dace a fara ba gaisuwa ba. Ya ce, "Sannu da zuwa, Iya. Yaya gida?"

Ta buɗe baki. Shekara saba'in na amsa wannan tambaya suka riga ta.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Sai godiya."

Dila ya rubuta. Gadu ya ce tun da mai ƙara ta sake tabbatar da maganarta ta farko, ba sai an wahalar da dattijuwa da tsayuwa ba. Aka tashi.

Su biyu suka kama hanyar gida, tsohuwa a gaba tana kuka ba sauti, Kyallu a baya riƙe da sandar da tsohuwar ta manta a fili. Ba wanda ya raka su. Da 'yan makaranta suka tafi ranar Asabar, Kyallu tana tonon saiwa a bakin rafi, ba ta ɗago kai ba.

A ƙarshen shekara kwamiti ya miƙa wa majalisa rahotonsa, yana mai farin cikin sanar da cewa a duk gidajen mutunci na dajin, ba a samu mabukaci ko ɗaya ba.