Kwatar da Na Haƙa wa Kajin Inna

Daminar bara taɓo ya addabi kajin Inna a gidanmu na Gummi. Inda aka killace musu a bayan gida ya caɓe, biyu har sun fara mura. Da ƙwansu kuwa take cefane.

Inna ta ce, "Samo buntun shinkafa da rairayi ka zuba, haka munka saba."

Na yi murmushi irin na wanda ya taɓa aikin gini na mako uku a Gusau. "Inna, wanga aikin ilimi ne. Kwata zan haƙa, ruwan ya fice."

Na wuni ina haƙa, har riga na tuɓe don maƙwabta su shaida. Abu ɗaya na manta: ban duba ina gangaren ya nufa ba.

Washegari da la'asar aka kece da ruwa. Na tsaya bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ina kallon kwatata tana aiki ba wasa. Ta tattaro ruwan tsakar gida kaf, har da na maƙwabcinmu Malam Sani, ta kai wa kaji. Zakara ya haye kan akurki yana harara ta.

Muka kwashe su cikin kwando, suka kwana uku a ɗakina. Ko ɗaya ba ta mutu ba. Na cike kwatar, na zuba buntu, wurin ya bushe.

Inna ba ta yi faɗa ba. Amma har yau, da hadari ya haɗo, sai Malam Sani ya leƙo ta katanga: "Injiniya, yaushe za mu zo kamun kifi?"